Akwatin maganin Kawu da matar da ta ƙi sa hannu

Ranar da aka rubuta wa Kawu sabon magani ni na karɓi takardar daga hannun likita, don ni ce 'yar gidan da ta karanta ilimin harhaɗa magunguna, ko ciwon kai wani ya yi a danginmu ni ake kira. Ina dubawa na ga talidomaid a layi na biyu. Na sake dubawa. Sunan nan tun ina aji uku a jami'a na san shi, amma a matsayin abin tsoro, irin darasin da malami zai nuna hotunan jarirai marasa hannu ajin ya yi tsit. Ban taɓa kawowa a raina wata rana zan saye shi da kuɗina in kai gidan da na tashi ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, tela, shekarunsa sittin da 'yan kai. Da ciwon baya abin ya fara, aka ce zaman keke ne. Wata takwas ana shafe-shafe ana shan maganin kashe zafi, har wata safiya ya sunkuya zai ɗauki buta haƙarƙarinsa ya tsage. Sai a nan aka yi gwaji, aka ga jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, ƙodarsa ta fara gajiya, aka ɗebi ɓargo a ƙugunsa aka duba. Kansar ɓargo ce, wadda likitoci ke kira mayeloma. Wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu haɗa wa jiki garkuwa su ne ke hayayyafa ba tsayawa a cikin ɓargo, su cinye ƙashi ta ciki kamar gara a azara, su mamaye inda ake yin jini, abin da suke zubarwa kuma ya toshe ƙoda. Da wuya a rabu da ita gaba ɗaya, amma ana iya danne ta shekaru.

Sati uku da fara maganin Kawu ya samu barci. Dama talidomaid yana sa barci, shi ya sa ake ba da shi da dare. Wata Juma'a da yamma na je duba shi, ina tsakar gida ina wanke hannu matar babban ɗansa ta biyo ni. Yarinya ce mai kunya, aurenta bai shekara ba. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Yaya, don Allah ki roƙar mini Baba ya san min ɗaya cikin kafson nan nasa na dare. Tun da ya fara sha yake barci lafiya, ni kuwa kwana huɗu ke nan amai da rashin barci." Inna, uwargidan Kawu, tana daga bakin murhu ta ce ai maganin asibiti ne, guda ɗaya ba zai yi mata komai ba.

Cikinta bai cika wata biyu ba.

Sai da na nemi turmi na zauna, don ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Abin da ta roƙa, da dalilin da ta roƙe shi, da lokacin da cikinta yake, duk sun yi daidai da abin da ya faru da dubban mata a Jamus fiye da shekara sittin da suka wuce. Kamfanin Grünenthal ya fitar da maganin a Jamus ta Yamma a 1957 da sunan Contergan, ana sayar da shi ba tare da takardar likita ba, ana tallarsa a matsayin maganin barci mara illa, har ga masu laulayi. A Birtaniya sunansa Distaval. Ya shiga ƙasashe fiye da 40. Aka fara haihuwar jarirai tafin hannunsu a manne da kafaɗa, wasu ba ƙafa, wasu ba kunne, wasu zuciya ko hanji bai cika ba. An ƙiyasta sun haura 10,000, ban da ɓarin da ba wanda ya ƙirga, kuma da yawansu ba su kai shekara ba. Ɓarnar tana faruwa ne tsakanin kwana na 20 da na 36 bayan shigar ciki, lokacin da hannaye da ƙafafu ke tsirowa, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Ƙwaya ɗaya ta isa.

Da ta sha, da abin ya faru, na san abin da za mu ce. Za mu ce tsautsayi ne, haka Allah ya ƙaddara, wata ta ce iska ce ta shafi cikin. Ba wanda zai tuna da kafso ɗaya da aka sha wata bakwai baya.

A daren na koma na karanta tarihin matar da a jami'a layi biyu kawai muka haddace a kanta don jarrabawa, Frances Oldham Kelsey, wadda ta ƙi sa hannu a sayar da talidomaid a Amurka. 'Yar Kanada ce, an haife ta a 1914 a tsibirin Vancouver. Ta yi digiri biyu a Jami'ar McGill, a 1936 ta rubuta wa Farfesa Geiling na Jami'ar Chicago tana neman gurbin bincike. Amsar da ta zo mata da laƙabin namiji aka fara ta, don ya ɗauka mai sunan namiji ne. Ta yi ta wasi-wasi ko ta gaya masa gaskiya kafin ta karɓa, malaminta ya ce ta karɓa kawai, ta sa alamar budurwa a gefen sunanta. Haka ta tafi.

Shekara guda da zuwanta, a 1937, wani kamfani a Amurka ya narkar da maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin wani ruwa mai ɗan zaƙi, dayetilin gilaikol, ya sa masa ƙamshi ya kai kasuwa ba tare da gwaji ba. Mutum fiye da 100 suka mutu, da yawansu yara, ƙodarsu ta tsaya. Aka nemi ɗakin binciken Geiling ya gano musabbabi, Kelsey tana cikin ɗaliban da suka yi gwajin a kan dabbobi, suka nuna cewa ruwan da aka narkar da maganin shi ne gubar. Dalilin wannan aka yi dokar 1938 da ta ce sai an nuna magani ba shi da haɗari kafin a sayar. Da na zo wurin nan sai da na ajiye wayar na ɗan jima, don wannan gubar mun san ta. Ita ce ta kashe yara 47 a asibitin koyarwa na Jos a 1990 ta cikin farasitamol na ruwa. Ita ce a cikin maganin haƙorin yara na My Pikin da ya kashe yara 84 tsakanin 2008 da 2009. Ita ce kuma a Gambiya a 2022, yara kusan 70. Abin da wata ɗaliba ta taya tabbatarwa tun kafin a haifi Kawu, har yau muna binne 'ya'ya a kansa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a tarihinta zomaye ne. Lokacin yaƙin duniya na biyu ana neman sabbin magungunan zazzaɓin cizon sauro, ta yi bincike a kan kwinin a jikin zomo. Ta ga hantar babban zomo tana narkar da shi da sauri, ta zomanya mai ciki ba ta kai haka ba, ɗan tayin da ke ciki kuwa ba ya iya narkar da shi sam. Ta kuma ga maganin yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan. A zamanin likitoci da yawa sun ɗauka mabiyiya katanga ce da ke tare komai. Ita ta gani da idonta ba haka ba ne, ta riƙe abin a ranta kusan shekara ashirin ba tare da ta san ranar amfaninsa ba.

A 1960, tana da digirin likita a kan na bincike, tana da aure da 'ya'ya mata biyu, ta kama aiki a hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka. Wata guda da zuwanta aka ajiye mata takardun kamfanin Merrell, suna neman izinin sayar da talidomaid da sunan Kevadon. An ba ta ne don ana ganin aiki ne mai sauƙi da ya dace da sabuwar ma'aikaciya, tunda rabin duniya na sha. Dokar lokacin kuwa tana da tsaga: idan hukuma ba ta ce komai ba cikin kwana 60, izini ya tabbata da kansa. Ita da abokan aikinta biyu, masanin aikin magani Jiro Oyama da masaniyar sinadarai Lee Geismar, suka karanta takardun, ba su gamsu ba. Rahotannin likitocin da aka haɗo sun fi kama da yabon kaya fiye da bincike. Ba a nuna yadda jiki ke tsotse maganin ba. An ce an ɗura wa ɓeraye da yawa bai kashe su ba, to amma bai ma sa su barci yadda yake sa mutum ba, ke nan ta yaya jikin ɓera zai zama shaida a kan jikin mutum? Sai ta rubuta musu cewa takardun ba su cika ba. Da wannan kwana 60 suka koma farko. Da suka sake kawowa ta sake mayar musu. Haka aka yi ta yi fiye da shekara.

Kamfanin bai zauna ba. Sun tuntuɓi hukumar sau hamsin ko fiye, ta waya da ƙafa, sun kai ƙararta wurin manyanta, sun ce tana da tsaurin kai, tana ɓata musu kasuwa a kan ƙananan abubuwa. Duk wanda ya taɓa zama a bayan kantar magani, mai kaya ko mai mulki na tsaye a kansa yana cewa me ya rage, ya san nauyin wannan. Kuma a tuna ba ta da wata hujja a hannu cewa maganin na nakasa jarirai. Ba wanda ya sani tukuna. Iyakar abin da take da shi shi ne ba a nuna mata abin da ya kamata a nuna ba.

A farkon 1961 ta ci karo da wata gajeriyar wasiƙa a mujallar likitocin Birtaniya. Wani likita a Sikotlan, Leslie Florence, ya rubuta cewa wasu marasa lafiyarsa da suka daɗe suna shan maganin suna jin tafin hannu da ƙafa suna musu zugi da mutuwa. Kamfanin bai gaya mata wannan ba. Sai ta tuna da zomayenta. Maganin da zai taɓa jijiyar babban mutum, me zai yi wa ɗan tayin da hantarsa ba ta fara aiki ba? Ta nemi su kawo shaidar cewa ba ya cutar da ciki. Ba su da ita. A watan Nuwamba na 1961 likitan yara Widukind Lenz a Hamburg ya danganta nakasar da maganin, William McBride a Ostireliya ma ya rubuta haka, aka janye shi a Jamus. A Maris 1962 Merrell ya janye takardunsa.

Amurka ba ta tsira ɗungurungum ba. Kamfanin ya riga ya raba ƙwayoyi sama da miliyan biyu ga likitoci fiye da 1,200 da sunan gwaji, mutum kusan 20,000 suka sha, da yawa ba a gaya musu gwaji ake yi a kansu ba. Hukuma ta tabbatar da jarirai 17 da abin ya shafa. Kanada, ƙasar haihuwarta, ta ba da izini, kuma ba ta janye ba sai Maris 1962. A watan Agusta na shekarar Shugaba Kennedy ya ba ta lambar yabo, a Oktoba ya sa hannu a kan sabuwar doka: dole kamfani ya nuna magani yana aiki da gaske, dole ya kai rahoton illar da aka gani, dole a nemi yardar mutum kafin a yi gwaji a jikinsa, izinin da ke tabbata da kansa kuma aka soke shi. Mu a Kano ba sai an yi mana dogon bayani a kan neman yarda ba. Mun ga abin da gwajin maganin Trovan na 1996, lokacin annobar sanƙarau, ya bari a zukatan mutane, da yadda rashin yardar da ya haifar ta bi mu har cikin rigakafin shan-inna.

A wurin aiki idan ana maganar tasirin mai bincike, yawan takardun da ya wallafa ake ƙirgawa da yawan waɗanda suka ambace shi. Ban raina wannan ba. Amma a ganina ma'aunin ya gaza a kan irin su Kelsey, don babban aikinta ba ya ƙirguwa. Akwai mutane a Amurka yau, 'yan shekara sittin da wani abu, suna ɗaure igiyar takalmi da hannu biyu, ba su san sunanta ba, ita ma ba ta san nasu ba. Ta ci gaba da aiki a hukumar tana sa ido a kan yadda ake gwajin magani a jikin mutane har 2005, tana da shekara 90. Ta rasu a 2015 tana da 101. Idan aka yabe ta takan ce a haɗa da abokan aikinta da manyanta da suka tsaya mata.

To yaya maganin da aka kora ya dawo har ya shigo ɗakin Kawu? A 1964 wani likita a Birnin Ƙudus, Jacob Sheskin, yana da mai kuturta da ƙuraje masu zafi suka hana shi barci. Ya ba shi talidomaid don ya runtsa kawai, cikin 'yan kwanaki ƙurajen suka lafa. Daga nan maganin ya samu wuri a jinyar wannan rikicin na kuturta. Sai kuma likita Judah Folkman a Boston, wanda tun 1971 yake cewa ƙari ba ya girma sai ya jawo wa kansa sabbin hanyoyin jini. A 1994 wani a ɗakin bincikensa, Robert D'Amato, ya yi tunanin cewa abin da ya hana hannun ɗan tayi tsirowa wataƙila hanyoyin jini yake hanawa. Ya gwada a idon zomo, ya ga haka ne. Matar wani mai kansar ɓargo da magunguna suka ƙare masa ce ta bi diddigin maganar har ta sa likitocin Arkansas suka gwada. Mijinta bai amfana ba. Amma a 1999 ƙungiyar Bart Barlogie ta wallafa sakamakon mutum 84 da cutar ta gagari sauran magunguna, kusan kashi ɗaya cikin uku suka samu sauƙi. A 2006 hukumar da Kelsey ta yi wa aiki ta amince da shi don kansar ɓargo. Sai a 2010 masu bincike a Tokyo ƙarƙashin Hiroshi Handa suka gano inda yake kamawa: wani furotin mai suna sereblon, wanda ke cikin masu sharar ƙwayar halitta, masu sa wa abin da za a zubar alama. Maganin yana manne masa ya karkatar da shi ya share abin da ba a aike shi ba. A jikin Kawu abin da kansar ke rayuwa da shi ake sharewa. A jikin ɗan tayi kuwa abin da ake gina hannu da shi ne.

A Amurka ba a sake shi a kasuwa haka sakaka ba. Likita sai ya yi rajista, mace sai an yi mata gwajin ciki kafin a fara da kuma a kai a kai, sai ta ɗauki hanyoyi biyu na hana ɗaukar ciki, ba a ba da fiye da na kwana 28 a lokaci guda. A Barazil, inda kuturta ke da yawa, an sake haihuwar irin jariran nan shekaru da yawa bayan 1962, wasu uwayen maganin wani na gida suka sha. Mu nan akwai 'yan'uwansa sababbi, irin lenalidomaid, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin tela, shi ya sa tsohon ake yawan rubutawa. Ni dai leda aka miƙo mini da kwalaye a ciki. Akwai hoton mai ciki da aka ja wa layi a jikin kwalin, rubutun kuwa duk da Turanci, a gidan da mai karanta Turanci ba ya kwana.

Washegari na sayo ƙaramin akwatin ƙarfe da kwaɗo. Na tara matan gidan a ɗakin Inna, ban nuna hoto ba, don bana son in tsorata mai ciki. Na ce maganin nan na Kawu ne shi kaɗai, mace mai ciki ko taɓa garin cikinsa kada ta yi, ko guda ɗaya aka ga ya faɗi a kira ni. Yarinyar na kai ta awo aka ba ta abin da ya dace da laulayinta. Inna ta riƙe baki ta ce, "'Yar nan, da ba ki zo jiya ba fa?" Ban ba ta amsa ba, don ni ma tambayar ce ta hana ni barci.

Akwai maganar da ban iya yi ba. Maganin yana fita a maniyyi, kuma amaryar Kawu ba ta wuce haihuwa ba. Babu bakin da zan buɗe in yi wa ƙanin mahaifiyata wannan bayani. Na samu wani dattijon abokin aikina ya zo gaishe shi, suka keɓe a zaure, ya gaya masa komai, har da cewa kada ya ba da jini. Bayan ya tafi Kawu bai ce mini komai a kai ba, sai dai ya ɗaura makullin akwatin a igiyar da yake rataye carbinsa.

Yanzu wata bakwai ke nan. Jininsa ya hau, yana zuwa masallaci da sanda, an haɗa masa da maganin da ke hana jini daskarewa don daskarewar jini ma tana cikin illolin talidomaid. Makon jiya na same shi a bakin kekensa yana ta fama da zare. Ya ɗago ya ce, "Likita, allurar nan tana hannuna amma ban jin ta. Tafin ƙafata kuma kamar kiyashi na yawo." Na kira likitansa, ya ce a rage yawan maganin a kawo shi ranar Litinin. Da na koma wurin aiki na ɗauko takardar nan ruwan ɗorawa ta hukumar NAFDAC da ake kai rahoton illar magani, wadda ke kwance a aljihun tebur ba mai taɓawa. Daga Abuja irin waɗannan rahotanni suna zuwa cibiyar Uppsala a Suwidin, inda ake tara na ƙasashen duniya a ƙarƙashin shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 1968 saboda abin da wannan maganin ya yi. Na cike shekarunsa, da sunan maganin, da yawan da yake sha, da ranar da ya fara. A gurbin bayanin abin da ya faru na rubuta cewa yatsun hannu da tafin ƙafa sun fara mutuwa, na ƙara da cewa tela ne, ba ya iya zura zare.